Hancin Aro

Kafin mai karatu ya yi salati ya tafa hannu, bari in fara amsa tambayar da na san za ta fara zuwa ransa: ban sha ba. Ko ɗigo bai taɓa harshena ba, a lokacin ko bayan lokacin. Amma dai na tsaya a gaban kwalabe shida na jar giyar inabi ta Italiya, Lahadi shida a jere, na kai hancina bakin kofi, na faɗi abin da na ji. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in yarda in rubuta ta, domin na san halinmu, wani ba zai wuce layi na uku ba zai yanke mini hukunci. To, ba komai. Wanda ya iya haƙuri ya biyo ni.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, ɗan goro ne a kasuwar Mariri a Kano. Idan aka kwance huhu a gabansa, kafin ya taɓa ko ƙwaya ɗaya sai ya sunkuya ya shaƙi ganyen da aka naɗe goron da shi, ya ɗago ya ce wannan daga Shagamu yake, ko ya ce wannan ya sha hanya daga Gana, ko kuma ya ture huhun da ƙafa ya ce a mayar wa mai shi, akwai ruɓa a ƙasa. Ban taɓa ganin an zazzage an same shi da kuskure ba. Ni aikina tun ina ɗan shekara tara shi ne tsince mai sankara daga cikin mai lafiya, kuma da hanci ya koya mini kafin ido. Ban san gado ya ba ni ba. Ni dai a lokacin gani nake ana hana ni ƙwallo.

A 2014 na zo Italiya koyon harshe a Jami'ar Baƙi da ke Perugia, a yankin Umbria, tsakiyar ƙasar. Da karatu ya ƙare na sami aiki a wata masana'anta a Foligno, a 2016 kuma na kama ɗaki a gidan wani dattijo a wani ƙauye da ke gindin tudun Montefalco. Matarsa ta rasu tun 2013, 'yarsa ɗaya tilo tana Milan. Shekara 40 ya yi yana da kantin sayar da giyar inabi kafin ya rufe. Ina kiransa Nonno, wato Kaka, kuma da na ba shi labarin irin wasan da ke tsakanin jika da kaka a wurinmu sai ya karɓe shi hannu biyu, kullum da tsiyar da zai yi mini. A makon farko ya sayo mini tukunya da kasko nawa na kaina, waɗanda naman alade bai taɓa shiga ba. Da ya lura ba na zama a tebur idan akwai kwalba a kai, bai tambaye ni dalili ba. Sai kawai ya riƙa ajiye ta a kan kanta har in gama cin abinci in tashi. Shekara huɗu muna haka, shi da kwalbarsa, ni da butata, ba wanda ya taka wani.

A watan Nuwamba na 2020 cutar korona ta kama shi, yana da shekara 81. Mako uku ya yi a asibiti. Ya dawo da ransa, alhamdu lillahi, amma ya baro hancinsa a can. Ba ya jin ƙanshi, ba ya jin wari. Madara ta ƙone a kan wuta yana zaune kusa da ita yana karanta jarida. Likita ya ba shi 'yan kwalabe huɗu, man wardi, lemun tsami, kanumfari da ganyen itacen turare, ya ce ya riƙa shaƙa safe da yamma ko jijiyar za ta farfaɗo. Sai in fito zan tafi aiki in gan shi a bakin taga yana shaƙa ɗaya bayan ɗaya, idonsa a rufe, kamar mai sauraron rediyon da batirinta ya mutu. Wata uku babu labari. Mutumin da ba ya rufe baki ya koma shiru. Abinci ma sai ya tsakura ya ture, wai duk ɗaya ne da tauna tsumma.

Wanda bai taɓa rasa hanci ba ba zai gane girman abin ba. Harshe abu kaɗan ya sani: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri da ɗanɗanon romo. Sauran duk abin da muke kira daɗin abinci, ƙanshin daddawa, garɗin gyaɗa, hanci ne ke ɗaukowa ta bayan maƙogwaro. Tuna yadda miya ke zama ruwa-ruwa a bakinka idan mura ta toshe ka. To, shi murar ce ta ƙi tafiya, ga shi kuma mutum ne da ya ci abincin duniya da hancinsa.

Ƙarshen watan Fabrairu na 2021 ya kira ni ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Kwalabe shida ya jera, duk sun yi ƙura. Ya ce kowace ɗaya shi da matarsa suka sayo ta a garin da aka yi ta, a tafiye-tafiyen da suka riƙa yi duk hutun Agusta. Sun ajiye su ne sai wata rana, ranar kuma ba ta zo ba. A gadon asibiti ya ƙudura cewa in ya fita zai buɗe su. "Ga shi na fita," in ji shi, "amma rabin mutum ne ya fita. Ɗana, ba na ce ka sha ba. Na san ba ka sha. Hancinka nake so ka ara mini."

Ban ba shi amsa ba. Daren nan na buga wa Yayana waya a Kano, wanda shi ne mai karatun gidanmu. Bai yi kwana-kwana ba. Ya tuna mini hadisin da ya la'anci giya tare da mai shanta da mai zuba ta da mai ɗaukarta da mai sayar da ita da sauransu, da wanda ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da ita. Ya ce, "Kai, ka bar wannan. Ka yi masa duk wata hidima, ka wanke masa kaya, ka kai shi asibiti, amma wannan ka bar ta." Na ce to, Yaya. Na kashe waya. Gaskiya ya faɗa, kuma har yau ban ce ba gaskiya ya faɗa ba.

Da safe na fito na ga Nonno a bakin taga da kwalbar kanumfari a hanci. Sai na ji bakina yana gindaya sharuɗɗa: ba zan buɗe ba, ba zan zuba ba, ba zan ɗauki kofi ba, ba zan zauna ba, a tsaye zan yi, kofin yana hannunsa. Na sani, mai karatu, na sani. Wannan wayon ɗan makarantar allo ne da aka ce kada ya taka inuwar malam sai ya bi ta da tsalle. Ban kawo shi nan don ya zama hujja ga kowa ba. Abin da na yi nake faɗa.

Lahadin farko ta Toscana ce, Chianti Classico, mai hoton baƙin zakara a wuyan kwalba. Kafin ya buɗe sai da ya ba ni tatsuniyar zakaran. Wai biranen Firenze da Siena sun gaji da yaƙi a kan iyaka, suka shirya kowane gari ya saki mahayi da carar zakara, inda suka haɗu nan ce iyaka. Mutanen Siena suka ƙosar da farin zakaransu, ya yi barcinsa. Mutanen Firenze suka kulle baƙi a duhu da yunwa, ya yi cara tun dare bai raba ba, mahayinsu ya kusa cinye hanyar shi kaɗai. Tatsuniya ce, amma iyakar yankin ta gaske ce, tun 1716 sarkin Toscana Cosimo na Uku ya shata ta a takarda. Inabin da ake yin ta da shi sunansa Sangiovese, kuma doka ta ce kada ya gaza kashi 80 cikin 100.

Ya zuba, ya kaɗa kofin, ya miƙo. Gabana yana faɗuwa na sunkuya. Abin da ya fara dukana wari ne mai kaifi, irin wanda duk mun sani a kwata. Na ja baya. Ya ce in bari ya huce, in sake. Na sake. Can ƙarƙashin kaifin sai na ji wani abu da na sani sarai.

"Zoɓo," na ce da Hausa.

A nan muka gane matsalarmu ta biyu. Shi ƙanshinsa na ceri ne da furannin da ban taɓa gani ba sai a nan. Ni nawa na Kano ne. Na shiga ɗaki na ɗauko busasshen zoɓon da nake saye a shagon 'yan Afirka a Perugia, na nuna masa. Ya yi ihu: "Carcadè!" Ashe sun san shi. A shekarun 1930, da aka ƙaƙaba wa Italiya takunkumi saboda mamayar Habasha, shayi ya yi wuya, sai suka koma shan zoɓon da ake kawowa daga Eritiriya, kuma mahaifiyarsa ba ta daina ba har tsufanta. Ya kurɓa, ya juya a baki, ya ce harshensa yana jin tsamin, yanzu kuma na ba shi sunan tsamin. Ya ce haka Sangiovese take, tsami ne ƙashin bayanta, shi ya sa take tafiya da miyar tumatir. Ranar ya cinye taliyarsa tas.

Ta biyu ita ce wadda har yau nake tunawa idan na wuce inda ake gyaran titi. Barolo, daga tuddan Langhe a yankin Piemonte, can arewa maso yamma kusa da garin Alba. Ta shekarar 2001 ce. Inabinta Nebbiolo, kuma ana danganta sunan da kalmarsu ta hazo, domin shi ne ke nuna a ƙarshe, a watan Oktoba, lokacin da hazo ke kwanciya a kwaruruka. Doka ba ta yarda a fitar da ita kasuwa ba sai ta yi wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a gangar katako. Na yi zaton zan ga baƙin abu mai kauri. Sai ga ruwa garai-garai, ja mai kama da jan bulo, kana hango yatsunka ta cikin kofi.

Na shaƙa, na yi shiru, don kunya ta kama ni. Na ce, "Nonno, kada ka ji haushi. Kwalta nake ji. Irin wadda ake zubawa a titi da rana tsaka." Na sake shaƙa. "Da kuma turaren wardi, irin wanda Hajiyarmu ta kawo daga Makka, wanda ya daɗe a cikin akwati har ya kama tufafi."

Tsohon nan ya buga tebur har cokula suka yi tsalle. Ya ce kwalta da wardi, da waɗannan kalmomi biyu aka san Barolo a duk duniya, kuma ya rantse bai taɓa faɗa mini ba. Ya ce yaran da ya koya wa sana'a sai sun yi shekara biyu kafin su ji kwaltar da kansu, yawancinsu ma haddacewa suke yi. Ya tambaye ni wa ya koya mini. Sai na ba shi labarin Mariri, da huhu, da ganye. Ban taɓa ba shi labarin mahaifina da tsawo haka ba.

Da ya kurɓa sai na ga yana motsa leɓe, yana shafa dasashi da harshe. Ya ce wannan ba ɗanɗano ba ne, taɓawa ce, shi ya sa cutar ba ta ƙwace masa ita ba: baki ya bushe, ya ɗaure, kamar an goge shi da tsumma. Suna kiran abin da ke jawo haka tannino, yana cikin ɓawon inabi da ƙwallonsa. Na ce ai mu muna da kalma ɗaya tak: bauri. Na ɗauko ɓarin goro na ba shi. Ya gatsa, ya yamutsa fuska, ya tofar a hannu, sannan ya fashe da dariya ya ce wannan ai Barolo ce ba ruwa. Kuma ba wasa ba ne, dangin sinadari ɗaya ne a goro, da shayin da ya daɗe a wuta, da bagaruwar da majema ke jima fata da ita. Abin da ke ɗaure fatar akuya ta ƙi ruɓewa, shi ke ɗaure bakin mai sha, shi ke kuma sa kwalba ta yi shekara 20 ba ta mutu ba. Yana cewa sabuwar Barolo ba ta shawuwa sai ta kwanta baurin ya yi laushi, ni kuwa mahaifina nake ji yana yi wa wani baƙo bayanin bambancin sabon goro da daushe, har yadda yake ɗaga yatsa iri ɗaya ne. Na juya na kalli taga don kada ya ga idona.

Lahadi ta uku ce ta tsorata ni. Amarone, daga Valpolicella kusa da Verona a yankin Veneto. Su a can ba sa matse inabin da an tsinko shi. Sai su shimfiɗa shi a kan tabarmin gora ko cikin akwatuna a bene mai iska, wata uku zuwa huɗu, har ya yamushe ya zubar da wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, kamar dai yadda nama ke komawa kilishi. Sannan a matse. Sukarin ya taru, don haka barasar ma ta taru, takan kai kashi 15 ko 16 cikin 100. Ƙanshin kuwa, wallahi ba zan ɓoye ba, daɗi gare shi: zabibi, dabinon da aka jiƙa, busasshen ɓaure, cakulan. Babu kaifin nan na ranar farko da ke korar mutum. Sai na ji miyau ya taru a bakina. Na ja da baya da sauri na ce a'uzu billahi a fili. Nonno ya dube ni, bai ce komai ba, ya janye kofin zuwa ƙirjinsa. Daren nan na daɗe a kan darduma. A ranar na gane abin da Yaya yake gudar mini, domin wadda ke wari ba ita ce abin tsoro ba. Na yi niyyar in ce masa na fasa. Da safe na same shi ya yi aski, ya sa riga mai kwala, yana waƙa a ƙasan maƙoshi, rabon da in ji haka tun kafin asibiti. Na haɗiye maganata.

Ta huɗu ba ta ba mu wahala ba. Daga gangaren dutsen Etna mai aman wuta a tsibirin Sisili, inabin Nerello Mascalese da ke tsirowa a baƙar ƙasar toka. A makonnin nan ma dutsen yana ta amai, muna kallo a talabijin. Na ce murhu ne da aka yayyafa wa ruwa, da ɗan zoɓo-zoɓo a sama. Ya ce ya isa, haka take.

Ta biyar ta gida ce, Sagrantino ta Montefalco, wadda gonakinta nake ratsawa kullum a hanyar aiki, ganyenta ya koma ja wur a watan Nuwamba. Ita kam na san inabinta a baki, don maƙwabcinmu yakan ba ni nono ɗaya ko biyu lokacin kaka: 'yan ƙanana, baƙaƙe, cikinsu zaƙi kamar zuma, ɓawon kuwa kauri da bauri har sai ka tofar. A kofi baƙa ce kamar tawada. Na ji ɗinya, na ji kimba, na ji kuma layin 'yan fata a Ƙofar Wambai. Nonno ya miƙe ƙafa ya shiga yi wa sauran yankuna tsiya. Wai mutanen Piemonte masu rowa ne, shi ya sa giyarsu ba ta sakin fuska sai ta tsufa. Mutanen Toscana 'yan kasuwa ne, ko ruwan rijiya za su sayar wa Ba'amurke in sun sami kwalba mai kyau. Na Veneto kuwa sun mai da mantuwa sana'a, don ana cewa Amarone ta samo asali ne daga wata gangar giya mai zaƙi da aka manta da ita har zaƙin ya ƙare. Ita Italiya yankuna 20 gare ta, babu wanda ba ya noman inabi, irin inabin giya da ke rajista ya haura 500, kuma kowane ƙauye ya yarda nasa ne na gaske. Suna da suna ga wannan hali, campanilismo, wato kowa hasumiyar cocin garinsu ce ta fi tsawo. Na ce masa bai ji Bakano da Bazazzagi suna gardama ba.

Amma a cikin tsiyar akwai karatu. Ya ce in lura, duk abin da na faɗa masa rana ce da ƙasa. Inda sanyi yake, kamar tuddan arewa ko saman Etna, inabi yana nuna a hankali, yana riƙe tsaminsa. Inda rana ke duka, sukari ke hauhawa, giyar ta yi nauyi da zafi. "Mako mai zuwa za ka ji rana," in ji shi. "Za ka ji garinsu."

Matarsa 'yar Manduria ce, a yankin Puglia, can dunduniyar takalmin da taswirar Italiya ke kama da shi. Ƙasar ja ce, kurangar inabin gajeru kamar sabara, ba a ɗora su a waya. Inabin sunansa Primitivo saboda shi ke riga kowa nuna, tun watan Agusta ake tsinkarsa. Masu binciken ƙwayoyin halitta sun tabbatar shi ne Zinfandel na Kalifoniya, kuma asalin su biyun daga Kuroshiya ne, amma Nonno ya ce da matarsa na raye ba mai faɗar haka a gabanta. Kwalbar sun sayo ta ne a tafiyarsu ta ƙarshe, a 2008.

Lahadi ta shida ta faɗo ranar Ista, 4 ga Afrilu. Gwamnati ta rufe ƙasar baki ɗaya kwana uku, tafiya tsakanin yankuna ma a hane take, don haka 'yarsa ba ta zo ba. Daga ni sai shi. A al'adar Montefalco, Sagrantino mai zaƙi ake buɗewa ranar Ista, amma ya ce bana ta matarsa ce. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ya ajiye hotonta. Tun kafin ya buɗe ya shiga faɗa mini abin da zan ji: busasshen ɓaure irin wanda surukarsa ke shanyawa a kan soro, 'ya'yan itace da aka dafa da sukari, ƙurar jar ƙasa da azahar. Bai taɓa yi mini haka da sauran biyar ba. Ya zuba, hannunsa yana rawa, ya miƙo.

Kwali ne da ruwa ya jiƙa. Ɗakin soro da aka kulle tun damina. Na sake shaƙa ko hancina ne, na sake. Babu ɓaure, babu rana, babu komai sai rima.

Ya taɓa yi mini bayanin wannan cuta. Toshiyar kwalba daga ɓawon wani itace ake yanko ta, kuma wani lokaci fumfuna takan haɗu da sinadarin kulorin a jikinta ta haifar da wani abu da ake kira TCA. Kaɗan ƙwarai ya isa ya kashe kwalba, don hancin ɗan Adam yana kama shi ko da 'yan ɗigo ne a cikin tafki. Ba ya cutar da ciki. Ƙanshi kawai yake kashewa, wato daidai abin da Nonno ba zai iya ganewa da kansa ba. Tun ranar da aka toshe ta a Manduria take a mace, shekara 13 suna ajiyar gawa.

Ya kurɓa, ya lumshe ido. "Akwai ɗan zaƙi," ya ce. "Akwai zafi. To, ɗana, faɗa mini."

Mai karatu, duk kalmomin yana nan ya riga ya zuba mini su a hannu. Ɓaure, sukari, jar ƙasa. In na maimaita masa, ba wanda zai taɓa sani, a duniyar nan dai. Tsoho ne ɗan shekara 81, ranar idinsu ce, ga hoton matarsa. Na buɗe baki da niyyar in ce ɓaure.

Sai na tuna wata rana a Mariri. Wata tsohuwa ta zo sayen goron ɗaurin auren jikarta, ido ya yi mata rauni. Na sa mata wata babbar goriya mai sankara a gefe ɗaya, na juya gefen ƙasa, don na ga girmanta zai faranta mata. Baba yana can yana lissafi, ban san ya gani ba. Bai dake ni ba. Ya ciro ta, ya sauya mata, da ta tafi ya miƙo mini ya ce in cinye a gabansa. Na cinye. Har yau in na tuna sai na ji garin nan mai ɗaci a maƙogwarona.

Na ce, "Nonno, ta lalace. Warin toshiya take yi."

Bai motsa ba. Ya dubi kofin, ya kai hancinsa, ya shaƙa da ƙarfi kamar zai tsinke wani abu a ciki. Ya ɗauki toshiyar ya shaƙa. Na tsaya a inda nake, na rasa inda zan sa hannuwana. Agogon bango kaɗai ke magana.

"Sa di tappo," ya ce a hankali, wato tana warin toshiya, kalmar da ya ce ya faɗa wa dillalai sau dubu a kantinsa. Sai kafaɗunsa suka soma rawa. Na ɗauka kuka ne, kuma akwai kukan a ciki, amma dariya ce. Ya ce shekara 40 bai taɓa barin ta ta zaɓi kwalba ba, don ita da ido take zaɓa, wadda takardarta ta fi kyau. Wannan ɗaya ce ya ƙyale ta, saboda garinsu ne. Ya nuna hoton da yatsa ya ce, "Kin gani ko?" Ya share ido da ƙyallen tebur. Sannan ya dube ni ya ce tun da na sunkuya karo na uku ya gane, jira yake ya ji abin da zan ce, kuma da na ce ɓaure da ya koma yana shakkar kwaltar ma.

Shi da kansa ya tashi ya tuntsurar da ita a wurin wanke-wanke, ya saki famfo. Toshiyar ya sa a aljihun rigarsa. Na dafa mana zoɓo da citta, na zauna a tebur, karo na farko cikin Lahadi shida, muka sha da burodin cuku irin wanda suke yi ranar Ista.

Bayan kwana tara azumi ya kama. Bai sake neman hancina ba, ni ma ban sake kusantar bakin kofi ba, har 'yarsa ta ɗauke shi zuwa Milan a 2023. Da na je gida a 2022 na faɗa wa Yaya duk abin da ya faru. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ai na ce maka ka bari. Ka yi istigfari." Na ce na yi, ina kuma yi. Ya ɗan yi shiru, sannan ya tambaye ni ko tsohon ya warke.

Warkewar rabi da rabi ce. Wajen tsakiyar azumin nan na 2021 ina kicin ina haɗa shayin buɗa-baki, sai na ji takunsa a bayana. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga kai, hancinsa yana motsi.

"Kanumfari ka sa?"

Citta ce. Na ce masa ya matso kusa ya sake gwadawa.